Yadda Za Ka Yi Suna da Littafin da Ba a Taɓa Rubutawa Ba

Ya kai mai karatu, ko kuma, in za mu yi wa juna adalci, ya kai mai sayen littattafai: dominka aka tsara wannan jagora. Ina ba ka tabbacin da babu kokwanto a cikinsa cewa muddin ka bi matakan nan bi da bi, gabanka ba zai sake faɗuwa ba in an jefo maka tambayar nan mai tsinka zuciya, wato, "Me kake karantawa kwanan nan?" Ba sai ka karanta komai ba. Hasali ma karatu cikas ne, domin yana rage wa mutum ƙarfin gwiwar yin sharhi.

An jarraba hanyar a kan mutum guda, ta kuma yi aiki fiye da yadda aka so. Abokansa na kiransa Tagumi, saboda da wuya ka gan shi hannunsa ba ya tallafe da haɓarsa. Ya gama jami'a, yana aiki a shagon buga takardu da ɗaurin littafi, kuma tun da ya bar makaranta bai kai ƙarshen littafi ko ɗaya ba. Ba lalaci ba ne. Yakan karanta shafin farko, jimla guda ta kama shi, ya ɗaga kai yana tunanin rayuwa, kafin ya sauke kan an shiga wani watan.

Mataki na ɗaya: Zaɓi majalisar da ta dace

Nemi taron masu karatu inda kowa ke tsoron kowa. Tagumi ya samu irinsa a wani ɗaki da ke saman kantin magani, mai fanka ɗaya da ke juyawa in ta ga dama, da kujerun roba, da warin man zafi da ke biyo matakala ya hau tare da baƙi. Mai kantin, dattijon da ake kira Shugaba, shi ke jan zaman. Ƙa'idarsu ita ce duk mako mutum ɗaya ya miƙe ya faɗi abin da yake karantawa, ya ba sauran shawarar su nema.

Ka lura da al'adar masu karatu game da aro, domin za ta yi maka amfani nan gaba. A wurinsu, littafin da aka so ba a mayar da shi. In mai shi ya tambaya, sai a buɗe ido a ce, "Wane littafi?" In ya matsa, a ce, "Ai yana hannun ƙanwata." Littafin da aka mayar wa mai shi da wuri kuwa an zage shi ne cikin ladabi.

A majalisar akwai wata likitar ido mai zama kusa da taga. Ita kaɗai ce ke karanta littafi daga bango zuwa bango, kuma duk wanda ta ara, washegari take mayarwa a cikin leda, ta ce, "Na gode." Manyan marubuta sun sha wannan ledar. Saboda ita Tagumi ke hawa matakalar nan, kuma abin da ya fi tsoro a duniya shi ne ta gane cewa shi mutumin shafin farko ne.

Mataki na biyu: Kada ka ambaci littafin da ke akwai

Littafin da ke akwai yana da hatsari: wani ya karanta shi. Wanda babu shi kuwa ba shi da mai tsaron ƙofa.

Ranar da layi ya zo kan Tagumi, Shugaba ya gyara tabarau ya ce, "To, ɗan nan, yau kai ne. Me za ka ciyar da mu?"

Tagumi ya miƙe. Littattafan da ya fara suka bi ta kansa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shafinsa guda. Idonsa ya gudu daga fuskar Likita ya faɗa kan ƙofa, inda kan matakala ya leƙo.

"Ranka ya daɗe," in ji shi a hankali, "ina karanta *Magajin Matakala*."

Da ya ga ba wanda ya tare shi, sai ya ci gaba: labarin wani mutum ne da mahaifinsu ya rasu ya bar gidan bene. Yayyensa suka raba ɗakunan sama, ƙannensa suka raba na ƙasa, shi kuma aka ba shi matakala. A kanta yake kwana, a kanta yake karɓar baƙi, kuma duk mai hawa ko sauka sai ya yi masa sallama.

Ka kiyaye: faɗi kaɗan, ka yi ajiyar zuciya, ka zauna. Ajiyar zuciya ɗaya ta fi sharhin shafi goma.

Mataki na uku: Yi shiru, ka bar masana su yi aikinsu

A kowace majalisa akwai wanda bai taɓa furta "ban sani ba" tun da aka yaye shi. A wannan, Lauya ne, mai ƙaton agogo da muryar kotu.

"Af, wannan!" in ji Lauya, yana kaɗa ƙafa. "Sai yanzu ya iso hannunka? Ni bugun farko na karanta, mai koren bango. Fassarar da kuke samu yanzu ta kashe rabin daɗinsa."

Shugaba bai yarda a bar shi a baya ba. "Marubucin ai mun taɓa zama mota ɗaya da shi. Mutum ne mai yawan tari. Ni na gaya masa maganin da zai sha."

Kafin a tashi, mutum huɗu sun karanta shi, ɗaya ya yi kuka a babi na tara, wata kuma ta hana 'yarta karantawa sai ta ƙara girma. Tagumi ya sauko daga benen yana jin wani abu mai kama da alfahari, wanda daga baya ya gane tsoro ne ya sa riga mai kyau.

Mataki na huɗu: Bar saɓani ya yi girma

Littafi ba ya zama babba sai an ɓata zumunci a kansa. Cikin 'yan makonni majalisar ta rabe biyu game da ƙarshen labarin. Ɓangaren Lauya suka dage cewa magajin ya hau sama, alamar ɗaukakar ɗan'adam. Ɓangaren Shugaba suka ce sauka ya yi, alamar tawali'u. Aka fara kiransu 'yan hawa da 'yan sauka, kowane ɓangare ya ja kujerunsa gefe, aka bar fanka a tsakiya tana yi wa kowa rowa daidai wa daida.

"Baba, da girmanka," in ji Lauya, "ka sake duba shafin ƙarshe. Wataƙila tabaran ne."

"Tabarauna lafiya lau. Kai dai ka saba kare wanda bai hau ba ka ce ya hau."

In aka juyo gare ka neman hukunci, tallafe haɓa ka ce, "Ya danganta da inda mai karatu yake tsaye." Tagumi ya faɗi haka sau ɗaya, aka rubuta maganar a takarda aka manna a bango. Mai sayar da littattafai na bakin titi ma ya fara ce wa masu tambaya, "Ya ƙare jiya-jiyan nan, amma wasu na hanya."

Mataki na biyar: Guji mai gaskiya

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma a nan ne Tagumi ya faɗi. Duk gininka yana tsaye ne a kan kunyar mutane. Mutum ɗaya da ba ya jin kunyar cewa bai sani ba ya isa ya rushe shi.

An tashi daga zama, yana tsakiyar matakala, sai ya ji muryarta a bayansa.

"Malam Tagumi."

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa.

"Ni ban karanta shi ba," in ji Likita. "Da alama ni kaɗai na rage. Ka ara mini naka."

Amsoshin da suka dace suna da yawa: ruwa ya jiƙa shi, ɓera ya ci, yana hannun ƙanwarka. Tagumi ya san su duka. Amma ta kafe shi da idon nan da ya saba leƙa cikin idanun mutane da fitila, sai ya ji bakinsa ya ce, "To, Likita. Zan kawo."

Mataki na shida: In ƙofofi sun rufe, rubuta littafin

Ban so a kai nan ba, amma jagora na gari ba ya gudu ya bar almajirinsa a rami.

Tagumi ya koma gida ya share teburinsa. Littattafai uku da ya saya da niyyar su sauya rayuwarsa ya tarar mahaifiyarsa, Umma, ta tokare ƙafar teburin da su, ya bar su a wurin, domin karon farko ke nan da suke aiki. Ya zauna ya rubuta jimlar farko. Kamar kullum, ya ɗaga kai zai shiga tunani, sai ya tuna ledar nan, ya mayar da kan ƙasa.

Umma ta leƙo da kofin shayi. "Kai kuma lafiya? Jarrabawar ba ta ƙare ba ne?"

"Umma, littafi nake rubutawa."

"Waɗanda ka tara ka gama da su?"

"Wannan kowa ya riga ya karanta shi. Saura a rubuta."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta taɓa goshinsa da bayan hannu. "Allah ya sawwaƙe. Sha shayin tun da zafi."

Abin da bai zata ba shi ne, ya san mutumin nan na kan matakala. Ya san yadda ake jin takun masu wucewa, kowa da inda za shi, kai kana tsakiya kana amsa sallama. Ya rubuta a gida, ya rubuta a wurin aiki tsakanin katin biki da takardun makaranta, yana ta ba Likita haƙuri mako bayan mako. Da ya zo ƙarshe, magajin bai hau ba, bai sauka ba. Wata rana dai wata mai wucewa ta gaji, ta zauna kusa da shi a kan matakala, ya matsa mata. Nan Tagumi ya tsaya. Ya buga, ya ɗinke, ya sa gam, ya yi masa koren bango don girmama Lauya.

Mataki na bakwai: Karɓi hukuncin masana da natsuwa

Kada ka miƙa littafin a gaban jama'a. Tagumi ya miƙa a gaban jama'a. Kafin ya kai hannun Likita, Lauya ya fizge, ya shinshina bangon, ya tafi kai tsaye shafin ƙarshe. Fuskarsa ta sauya.

"Jabu ne!" Ya miƙa wa Shugaba. "Baba, duba. Bai hau ba."

Shugaba ya duba. "Bai kuma sauka ba. Wannan ba rubutun mutumin da na sani ba ne. Ko tarinsa babu a ciki."

Karon farko cikin watanni, 'yan hawa da 'yan sauka suka haɗa kujeru. Wanda ya yi kuka a babi na tara ya buɗe babi na tara ya ce ko ɗigon hawaye bai ji ba. Aka yanke cewa Tagumi ya ci amanar adabi ta hanyar kawo kwaikwayon babban littafi, aka ɓamɓare maganarsa daga bango, aka ce ya huta da zuwa har sai ya samo na ainihi.

Ya sauka a hankali. Bai ga lokacin da Likita ta ɗauke littafin daga kan tebur ta sa a jaka ba, sai dai ya ji ƙarar zif.

Mataki na takwas: Kada ka je neman littafinka

Washegari Tagumi ya zauna a shago yana jiran leda. Duk inuwar da ta gifta ƙofa sai ya ɗaga kai ya duba. Leda ba ta zo ba. Rana ta biyu ma haka. Da mako ya zagayo, haƙurinsa ya ƙare, ya tafi asibitin idon ya ce yana gani dishi-dishi.

Ta zaunar da shi, ta rufe masa ido ɗaya, ta nuna allon haruffa. Ya karanta tun daga babban harafin sama har ƙananan ƙasa.

"Ka ga," in ji ta, "ashe kana iya kai ƙarshe. Idonka lafiya lau. Me ya kawo ka?"

"Likita, game da littafin nan... akwai abin da ya kamata ki sani."

"Cewa babu shi? Tun ranar farko na sani. Kana faɗin sunan kana kallon matakala. Kallon ido shi ne aikina, Malam."

"To me ya sa kika nemi aro?"

"Na so in ji yadda ya ƙare, kuma a majalisar nan kai kaɗai ne ba ka yi da'awar ka sani ba."

Daga bakin jakarta da ke rataye jikin kujera, koren bango ya ɗan leƙo, gefen shafukansa sun yi laushi, an lanƙwasa kusurwar wani can kusa da ƙarshe.

"To... ko zan iya karɓar littafin?"

Likita ta kashe 'yar fitilarta, ta sa a aljihu, ta buɗe ido sosai ta dube shi.

"Wane littafi?"

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan aiki da shi, ko korar mutum daga majalisa ce, ko ɓacin zumunci tsakanin dattijo da lauya, ko kamuwa da ciwon rubutu, wanda har yau kantin Shugaba ba shi da maganinsa. Wanda ya yi asarar kujera ya nemi wata. Wanda ya yi asarar littafi a hannun mai aro kuwa, kada ya kawo ƙara nan, domin an ga Tagumi yana fitowa daga asibitin idon hannu biyu a aljihu, babu ko ɗaya a haɓa, kuma ba a san wanda za a tuhuma da wannan ba.