Rasuwar Dogo, Mashi Mai Kan Gatari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Gidaɗo, mazaunin unguwar Faisal, nake sanar da rasuwar abokina Dogo, wanda ajali ya riska ranar Asabar da hantsi, a ɗakin atisaye da ke unguwar Dokki, yana da shekara huɗu.

Marigayin sandar atisaye ce mai kan roba, gatari a gefe, tsini a sama, ƙugiya a baya, irin ta mayaƙan Turai na dā. Hatim kafinta, Bahaushen Sudan, shi ya feƙe mini shi a shekarar da mahaifina ya rasu ina ƙasar waje ban samu zuwa jana'iza ba. Wata uku ban fita ɗaki ba. Dogo ne ya fitar da ni. Hatim kuwa ya koma Sudan nemo mahaifiyarsa bara, har yau shiru.

Dogo mai haƙuri ne. Direbobin ƙananan bas sun sha ƙin ɗaukar mu saboda tsayinsa, mu taka da ƙafa, bai taɓa ƙorafi ba. Shi ya koya mini sara da suka da maƙalo ƙafar abokin karawa. Maganarsa biyu ce: "fiuu" in na kai sara, "ƙwas" in na kare. In na yi sakaci, ya bar ni na sha a kafaɗa.

Ciwon ya fara da ɗan tsagu kusa da wuya. Na gani, na naɗe da zare, ban gaya wa kowa ba. Ranar Asabar abokin atisayena Osama ya kawo sara daga sama, na ɗaga Dogo kamar kullum. Bai ce "ƙwas" ba. Ya rabu biyu a hannuna.

Ya bar safar hannu biyu, hular ƙarfe ɗaya, da fankar ɗakina da ya karya wa fiffike.

Za a yi masa sutura da man zaitun da farin ƙyalle ranar Juma'a bayan la'asar, a saman benenmu. Hajiya Awadiyya, yayar Hatim, za ta kawo shayi, kuma ita za ta tafi da ɓangaren da ƙaninta ya sa wa hannu.

Osama, tun ranar ba ka ɗaga wayata. Ma'alish, ka yi haƙuri ɗan'uwa, ni na ɓoye ciwon. Ka zo. Makara ba ta ɗaukuwa da mutum ɗaya.