Sifika Biyar da Raɗar Hajara

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ruwan Agusta ya kayar da katangar gidanmu a Limancin Kona ba, domin a shekarar na gama ajin farko na yaƙi da jahilci, ina da shekara hamsin da biyu. Na shirya walima, na rubuta jawabin godiya da hannuna, layi tara. Burina ɗaya: maƙwabcina Alhaji Sabo ya ji ina karatu. Shekara guda yana ce mini, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Malam, kai ka bushe."

Amma na ji tsoron harshena ya sarƙe a gaban jama'a. Sai na ari kwamfutar malaminmu, na ɗauki muryata tun ana saura kwana biyu. Matata Hajara, wadda ta yi firamare, tana gefe tana raɗa mini kalmomin da suka gagare ni (ba duka ba ne, ku daina murmushi).

Ƙanena ya ara mini hom tiyata, wato na'urar sauti mai sifika biyar. Malaminmu ya ce zai zo ya haɗa, wai ɗaki ɗaya ake jera su a kewaye mai sauraro. Na ce ya huta. Ni da na shekara arba'in ina ɗinkin babbar riga, zura waya a rami ne zai gagare ni? Kuma wace asara ce a tara sifika biyar wuri guda? Na ƙara wa wayoyin tsawo, na raba su kamar naman suna: uku cikin gida wurin mata, ƙananan biyu na baya a zaure wurin maza.

Ashe kowace da aikinta. Babbar murya ta sifikar tsakiya take bi, na baya kuwa hayaniyar gefe suke kwasowa.

Ranar walima, na danna maɓallin kunnawa. Cikin gida aka rangaɗa guɗa. A zaure kuwa muryata can ƙasa kamar daga rijiya, ta Hajara kuma tar: "Go-di-ya, Malam. A'a, sake." Jim kaɗan: "Kai, wannan bawan Allah, jiya fa muka yi wannan!"

Alhaji Sabo ya gyara hula. "To, a miƙa wa Hajiya takardar shaidar mana. Kai a ba ka shinkafa."

Dariya ta cika zaure. Na fizge wayar, sifika ɗaya ta faɗo ta tsage. Na zaro takardata daga aljihu, na miƙe, na ɗora yatsa a layin farko. A "godiya" na sake tuntuɓe. Wani zai taimaka, na ɗaga masa hannu. Sai da na kai layi na tara, ni kaɗai. Alhaji Sabo sai cewa ya yi wai shinkafa ta huce.

Tun ranar na gane, abin da ka ɓoye a gefe shi ake kai wa zaure. Na yi asarar sifika ɗaya, waya kamu goma sha biyu, da tsoron Alhaji Sabo. Biyun farko ne kawai na mayar.