Ranar da Bakina Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ma'aikatan lafiya suka zo makarantar firamare ta Kwanyawa duba haƙoran mutanen gari ba. Ni mutum ne mai waswasi. Sau biyar nake goge baki a rana, asuwaki kafin kowace sallah, buroshi safe da yamma a kai. Mahaifina ya rasa haƙoransa tun bai tsufa ba, kuma tsoron kada in gaje shi ya daɗe yana cina.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne dasashina yana jini. Saboda haka na daina kai buroshi kusa da shi. Tsakiyar haƙori kawai nake dirza, da ƙarfi kamar mai wanke tukunya (a ganina dabara na yi).

Wata malamar asibiti daga cikinsu ta ce tana son mutum ɗaya ya fito. Taubashina Haruna, da ya zo daga Rogo Ruma, ya ɗaga murya: "Ga sarkin tsafta nan! Ko kunu zai sha sai ya yi asuwaki." Na fito ina taƙama.

Ta ba ni wata 'yar ƙwaya, ta ce in tauna in tofar. Ta ce duk inda datti ya maƙale zai rine. Na tauna, na wage baki gaban jama'a. Sai Haruna ya ce, "Malama, wannan lalle kika sa masa?"

Ta miƙo madubi. Tsakiyar haƙorana fari fat, amma gindin kowanne ja wur, layi guda kamar an zana da alƙalami. Wallahi kunya ta kama ni, amma mamaki ya fi ta. Shekara da shekaru abin nan yana bakina, ido bai taɓa ganinsa ba!

Ta ce, "Baba, wannan dattin ƙwayoyin cuta ne. Su ke kumbura dasashi har ya yi jini, in an bar su haƙori ya fara girgiɗa. Inda kake gudu, nan ne wurin gogewa."

Na ce, "Malama, za su zube ke nan?"

"Da sauran lokaci, in Allah ya so."

Ta ba ni buroshi, ta kama hannuna ta karkata shi zuwa gindin haƙori, tana juya shi a hankali, ƙananan zagaye, ciki da waje. Ni da nake da jikoki, ranar aka koya mini goge baki, mata suna dariya cikin mayafi.

Bayan mako biyu jinin ya tsaya. Haƙorana suna nan, alhamdulillahi. Yanzu duk inda na ga ina kauce wa, nan nake fara dubawa. Haruna kuwa har yau "Amarya mai lalle" yake kirana, ko a masallaci.