Ranar da Garma Ya Shayar da Fili

Allah Ya yi wa garinmu, Gidan Tambaya, baiwa guda da Kura da Bunkure duka ba su samu ba: Maharazu Garma, ɗan ƙwallo mai tsaron bayan da babu kamarsa. Ba mu da asibiti, ruwan kanal ma sai ya ga dama yake iso mana, amma muna da Garma, kuma shi da kansa ya ce wannan ya ishe mu.

Shekara tara ya yi yana buga ƙwallon kuɗi, a ƙungiya bakwai. An sa masa Garma ne saboda duk inda ya bi a fili sai ya bar kunya, wani lokacin da mutum kwance a ciki. Jan kati goma sha huɗu ya karɓa. Ƙwallo ɗaya tak ya taɓa ci, kyakkyawa kuwa, da ka, sai dai a ragarsu ta faɗa. Har yau yana yawo da guntun jaridar da ta ba da labarin dakatar da shi, ranar da ya cire wa wani haƙora biyu. Ya sa an manne ta cikin leda, kamar takardar digiri.

"Ba kora ta suke yi ba," in ji shi a teburin mai shayi. "Tsorona suke ji. Koci ya ji tsoro, alƙali ya ji tsoro, to wa zai riƙe ni?"

A bana wani mai injin casar shinkafa ya sa gasa, kyautar kuwa sabon injin ban ruwa. A wajenmu wannan ba wasa ba ne. Mu ne a ƙarshen kanal. Ran Alhamis kaɗai ake sako mana ruwa, shi ma sai abin da mutanen sama suka rage. Malam Dattijo, shugaban manomanmu, ya riga ya dasa tumatir fangali sittin, yana lissafin ruwan Alhamis zai riƙe su har injin ya zo. Yaranmu suka dage har wasan ƙarshe, ba tare da Garma ba. Da ya ji za a zo da masu ɗaukar hoto, sai ya sadaukar da kansa ya karɓi kyaftin.

Wasan ya faɗo ran Alhamis da la'asar, a filinmu, da 'yan Bunkure. Ana gobe wasa, Garma ya zagaya filin, ya taka, ya girgiza kai.

"Wannan tsandaurin za a ce in buga? Ƙwararru sai an shayar musu da fili. Ku dai ƙauyanci ya yi muku yawa."

Aka yi dariya aka watse. Shi kuwa da hantsi ya ɗauki fartanya, ya sare gefen magudanar da ta ratsa bayan filin, ya toshe gaba da buhun yashi. A can ƙasa Malam Dattijo da mutanensa suna tsugune bakin fangali suna jira. Da azahar ta yi ba ɗigo, suka yi abin da suka saba: suka tsine wa mutanen sama, suka tafi kallon ƙwallo.

Filinmu laka ce, tsohuwar gonar shinkafa. Ruwan mako guda na gari ɗungurungum ya kwanta a kanta. 'Yan Bunkure suka duba, suka cire takalma, domin su ma a taɓo suka girma. Namu suka sunkuya za su cire, Garma ya daka tsawa.

"Duk wanda ya cire takalmi ya fita! Ni ban taɓa buga ƙwallo da talakan ƙafa ba."

Minti uku da hura usur, kowane takalmi ya ɗauki laka kamar an ɗaura masa bulo. A minti na huɗu wani siririn ɗan Bunkure ya taho da ƙwallo. Garma ya yi ƙaraji, ya zube ƙasa zai kwashe masa ƙafafu. Siririn ya kauce. Garma ya wuce, ya ci gaba da wucewa, har ya kwashe alƙalin wasa ya kai shi bakin layi. Bawan Allah ya tashi, ya goge katin a rigarsa don ya tabbatar ja ne, ya ɗaga. Na goma sha biyar ke nan.

Biyar da nema aka yi mana. Muna kallo aka ɗora injin a kan a-kori-kura aka yi Bunkure da shi. Malam Dattijo ya miƙe. Ya bi ruwan nan a ƙafa har inda aka sare, ya ga buhu, ya ga sawun takalmi mai ƙusa. Kafin wata Alhamis ɗin tumatirinsa ya ƙone ƙurmus. Na ga dattijon nan yana tuge su ɗaya-ɗaya yana hawaye, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Mai gari ya yanke hukunci: tunda fili ya sha ruwa ya kuma sha huɗa, a ba Malam Dattijo ya dasa shinkafa a ciki, Garma kuwa ya yi gadin tsuntsaye har girbi.

Yanzu haka yana can tsakiyar fili, da rigar kyaftin da gwangwani a hannu, yana ihu. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Ka ga ko su ma tsorona suke ji." Tsuntsayen kuwa, da yake ba sa karanta jarida, a gindin ƙafarsa suke cin abincinsu.