Ranar da Na Kai Amarya Jushi a Mota Mai Ɗaki

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ƙanwar matata ɗakinta a unguwar Jushi ba.

Lokacin ban jima da sayen wata mota 'yar Kwatano ba, irin wadda Turawa ke yawon buɗe ido da ita. A ciki akwai gado, da murhun gas, har da ɗan banɗaki. Duk Samaru ba mai irinta, kuma na tabbatar kowa ya san da haka. (Nakan faka ta a bakin titi in zauna shan shayi a ciki, labule a buɗe.)

Abin da na ɓoye shi ne makullin ƙofar ɗakin motar ya lalace tun zuwanta. Ƙofar kuwa guda ce, a gefe, kuma katako ya raba ɗakin da mazaunin direba. Na bi Sabon Gari shago-shago da tsohon makullin a hannu. Wani mai kayan gyara ya jujjuya shi ya ce, "Oga, wannan mota ba shi da ɗan'uwa a Najeriya." Aka tura ni Kaduna, Kaduna ta tura ni Kano. Wani ya ce zai kawo daga Legas, har yau yana hanya. A ƙarshe bakanikena ya lanƙwasa waya ya haɗa, ya ce, "Zai yi, amma kada a buga ƙofar da ƙarfi."

Da biki ya zo, ni da bakina na ce a motata amarya za ta tafi. Matata Hadiza ta ce, "Baban Ummi, ƙofar fa?" Na ce ta bar ni da motata.

Bayan la'asar amarya ta shiga da ƙawayenta, sai Gwaggo Asabe, yayar surukina, wadda ita za ta damƙa amarya a hannun dangin ango. Mace ce mai jiki, bakinta kuma ya fi jikin. Kafin in zagayo in rufe a hankali, ta finciko ƙofar ta buga, gau! Na ji wayar ta ce ƙas. Na tayar da mota ina salati a zuci.

Muka isa Jushi, ƙofar gida cike da jama'a, ana ta guɗa. Na ja hannun ƙofa, shiru. Na ƙara ja ina murmushi. Dangin ango suka ɗauka 'yan kawo amarya ne ke jan aji sai an lallashe su, kamar yadda aka saba. Abokan ango suka taso da goro da alewa suna miƙawa ta taga, uwargidan gidan tana cewa, "Ku yi haƙuri ku sauko, 'yarku ta zo gida." Ni kuwa gogan naku, maimakon in faɗi gaskiya, sai na harɗe hannu ina gyaɗa kai, wai ni ma ina cikin al'adar.

Gwaggo ta yaye labule ta leƙo.

"Wane jan aji? Mijin Hadiza ne ya kulle mu a akurkinsa!"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Aka kawo benci aka ajiye ƙarƙashin tagar baya. Amarya ta fito da lulluɓinta, ƙafafu a gaba, wata tsohuwa na ta kiran, "Da ƙafar dama, 'yar nan!" Ƙawaye suka biyo. Gwaggo ta auna tagar da ido, ta koma ta zauna a kan gadon. Daga nan ta damƙa amanar, tana ɗaga murya yadda har maƙwabta suka amfana da nasihar.

Sai na ja motar zuwa garejin bakanike a Sabon Gari, daga ni sai ita, katako a tsakaninmu. Duk tsawon hanya ba ta zage ni ba ko sau ɗaya. Labarin samarin kirki da suka nemi Hadiza kafin ni kawai ta yi ta ba ni, kowa da sunansa da irin motarsa. Da aka kwance ƙofar gaba ɗaya ta sauko, na ce, "Gwaggo, bari in mayar da ke." Ta gyara mayafi ta tare Keke mai ƙafa uku.

Ranar na gane kunyar da mutum ya ƙi ji a gaban matarsa, ajiye masa ita ake yi sai ranar taro. Yanzu duk bikin da ya tashi a dangin ana tunawa da ni: ni ke ɗauko kujerun haya.