Ƙafata Ta Saba

Ba zan taɓa mantawa da waccan Asabar ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Kafin in kai ku wajenta, bari in faɗi sana'ata, don a nan matsalar ta samo asali. Ni injiniyan sanyi ne. Shekara shida ke nan ina aiki da wani kamfanin adana daskararren abinci a kudancin Jidda. Kaji, kifi, nama, duk abin da ya sauka daga jirgin ruwa a ƙanƙare, aikina in tabbatar bai narke ba. Ɗakunanmu suna kaiwa digiri ashirin da biyar ƙasa da sifili, kuma kullum sai na shiga. Wannan ya sa na ɗauki kaina a matsayin mutumin da ya gama sanin sanyi. (Abin da ban taɓa lissafawa ba shi ne, ban taɓa wuce minti goma sha biyar a ciki ba, kuma da na fito zafin Jidda ke rungume ni.)

Kamfani ya sayi sababbin injina daga Finland, sai aka ce mutum biyu su je horon mako guda, a tsakiyar hunturunsu. Aka zaɓe ni da Ammu Haruna, shugaban masu gyara. Dattijo ne da ya haura hamsin, haifaffen Jidda, a unguwar Karantina ya tashi kafin a rushe ta. Kakansa ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Muhandis, wato injiniya.

Kwana uku kafin tafiya, Ammu Haruna ya shiga kasuwar Balad ya kwaso duk abin da aka ce masa yana maganin sanyi: riguna na ciki, hula mai rufe kunne, safar hannu kala biyu. Ni kuwa riga guda na saya, mai kyau, da wani takalmin fata da ya zauna mini cif. Na gwada su a falonmu na unguwar Bani Malik, ina juyawa gaban madubi. Matata Bilkisu ta dube ni ta ce, “Abban Hanif, wannan ai kayan hoto ne.”

Na ce, “Ke ba ki san aikina ba ne?”

Ta ce, “Na sani. Allah ya kiyaye hanya.”

Horon ya tafi lafiya. Garin yana can ƙuryar arewa, inda rana ke leƙowa wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta koma kafin uku. Azahar da La'asar kusan a jere muke yin su. Daga otal sai mota, daga mota sai masana'anta, duk da na'urar ɗumama ɗaki, don haka babu abin da ya gwada ni. A rana ta ƙarshe masu masaukinmu suka ce sun shirya mana yawo: tafiyar ƙasa cikin wani kwazazzabo, a je a ga ruwan da ke gangarowa daga kan dutse wanda sanyi ya daskarar da shi a tsaye. Awa huɗu, zuwa da dawowa.

Mu goma sha biyu ne, daga ƙasashe daban-daban. Jagorarmu wata mata ce gajera mai suna Tuula, za ta kai shekara sittin, ba ta da yawan magana. A bakin daji ta buɗe bayan mota ta fara raba kaya: manyan takalma baƙaƙe, safar ulu, da wasu ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi don kada a zame. Ammu Haruna ya karɓi nasa da godiya. Da ya gama shiri, idonsa kawai ake gani. Na yi masa dariya na ce, “Ammu, ko Bilkisu ta naɗe katifa ba ta kai ka girma ba.”

Ya ce, “Ma'alesh, ya Muhandis. Ni tsoro nake ji, wallahi.”

Da aka zo kaina, na karɓi ƙarafan na ce takalmin a bar shi. Tuula ta durƙusa ta danna kan takalmina da babban yatsa. Ta tambaye ni safa nawa na sa. Na ce uku. Ta ce na auduga? Na ce e. Ta ce sun matse ni, jini ba zai zagaya ba, kuma auduga idan ta jiƙe ba ta bushewa. Ni kuma, a gaban mutum goma sha ɗaya, na gyara tsayuwa na yi mata bayanin aikina da digiri ashirin da biyar ɗina. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, “Yau sha takwas ne.” Ta ɗauki takalmin da na ƙi ta sa a cikin ɗan abin jan kayanta. (Ni a lokacin na ɗauka na yi nasara ne.)

Gaskiya wurin ya cancanci tafiyar. Mun gangara cikin kwazazzabon tsakanin itatuwa da dusar ƙanƙara ta lanƙwasa wa rassa. Babu ƙarar komai sai takunmu. Bayan kamar awa ɗaya da rabi muka sha wata kwana, sai ga shi: bango guda na ƙanƙara, ya fi bene mai hawa goma, ya sauko daga saman dutse kamar an ce wa ruwan tsaya ya tsaya. Wani wajen fari, wani shuɗi-shuɗi, wani ruwan ƙasa kamar shayi. Ammu Haruna ya tsaya yana ta subhanallah a hankali. Ni ma na yi, sau ɗaya, sannan na zaro waya.

Tuula ta riga ta nuna mana wasu sanduna da aka kafa. Ta ce kada kowa ya wuce su, domin a ƙarƙashin dusar har yanzu ruwa na gudu. Na ji ta sarai. Amma daga inda muke, hoton ba ya ɗaukar ni da bangon gaba ɗaya, kuma akwai mutanen da nake so su gani: abokan makaranta, 'yan ofis, da wani ɗan uwana a Gusau da ya taɓa cewa aikina gadin firiza ne. Da hankalin kowa ya koma kan wasu masu hawan ƙanƙara da igiya, sai na zagaya bayan wani dutse na wuce sandunan da taku biyar.

A taku na shida ƙasa ta buɗe. Ƙafar hagu ta nutse har ƙwauri, garin ciro ta ta dama ma ta shiga. Ban faɗi ba, ban yi ihu ba. Na fito na waiwaya, babu wanda ya gani. Abin da ya fara zuwa raina ba yatsuna ba ne, jawabin da na yi a bakin mota ne. Na karkaɗe wando, na koma cikin mutane. (Hoton ma na ɗauka. Ya yi kyau.)

Cikin 'yan mintoci ƙafar wandona ta sandare kamar kwano. Yatsuna suka fara zugi, irin wanda mutum ke ji idan ƙofar mota ta datse shi, sai dai wannan ba ya raguwa. Muka kama hanyar wata rumfar katako inda za a hura wuta a sha shayi. Sau biyu Tuula tana tsayawa ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya: hannu lafiya, ƙafa lafiya? Sau biyu ina ɗaga mata babban yatsa ina murmushi, haƙorana a dantse.

Can sai zugin ya fara sauka. Kafin mu kai rumfar ya tafi gaba ɗaya. Wani daɗi ya kama ni. Na matsa kusa da Ammu Haruna na ce, “Ka gani ko? Ɗazu ƙafata na ciwo, yanzu ko alamarta ba na ji. Ta saba.” Kuma don kada wannan hikima ta tsaya tsakanin Hausawa biyu, sai na maimaita da Turanci, da ƙarfi.

Tuula tana tsugune tana jera itace. Ta ajiye na hannunta ta miƙe. Ta ce in zauna in cire takalmi. Na fara cewa ai babu komai, ta sake faɗa, da muryar da rabona da jin irinta tun ina firamare. Igiyar takalmin ta daskare, sai da ta sa wuƙa. Da safa ta uku ta fita, kowa ya matso yana leƙe. Yatsuna sun koma launin toka, sun yi tauri. Ta matsa babban ta ce ina ji? Ina kallon hannunta a kan yatsan, amma kamar na wani take taɓawa.

A nan ne tsoro ya zo mini na gaske. Na tuna wani direban motar ɗaga kaya a wajen aikinmu da aka yanke wa yatsu biyu. Na tuna aikina duka tsayuwa ne da hawan tsani. Na ga kaina ina sauka filin jirgin Jidda a keken guragu, Bilkisu na tsaye da yara. Na jawo jiki zan miƙa ƙafafun ga wuta, Tuula ta tare ni. Ta ce fatar da ba ta ji za ta ƙone ban sani ba, kuma kada a murza. Ɗumin jikin mutum ake bukata, fata da fata, yanzu. Tana faɗa tana zuge zif ɗin rigarta.

Ban san irin kallon da na yi ba, amma Ammu Haruna ya gane. Ya ce, “La, la, ya sitti. Halas, ni zan yi.” Ya zauna a benci yana fuskantata, ya fara buɗe rigunan nan da na yi wa dariya, ɗaya bayan ɗaya, har guda biyar. Ya kama ƙafafuna biyu ya manna su a kan tumbinsa, ya ja rigunan ya rufe. Na ji ya ja numfashi ya ce, “Ya Latif.”

To ku hango ni: injiniya mai digiri biyu, a kishingiɗe a benci, ƙafafuna cikin rigar dattijon da ya kusa haifata, mutum goma sun kewaye mu da kofunan shayi suna ƙoƙarin kallon wani wajen. Wani ɗan Koriya ya lulluɓa mini bargo. Wata 'yar Jamus ta riƙa ba ni shayi a baki kamar mai jinya.

Na ɗauka iyakar kunyar ke nan, ashe da saura. Bayan kamar minti ashirin jini ya fara dawowa, kuma babu wanda ya gaya mini yadda dawowarsa take. Kamar ana soka mini allurai masu zafi ta ƙarƙashin farce. Na cije, na yi salati, na cije. Daga ƙarshe na fashe da kuka, kuka na sosai mai majina, kuma (wannan Ammu Haruna ne ya tabbatar mini daga baya) ina kiran Inna. Tuula kuwa sai ga ta tana murmushi, karo na farko tun safe. Ta ce ciwon albishir ne, yatsun suna da rai.

Ba ta bar ni na taka ba. Ta yi waya, wani mutum ya zo da babur ɗin ƙanƙara yana jan akwatin da suke kai itace rumfar. Aka sa mini safar ulu da baƙin takalmin nan da na ƙi, aka naɗe ni aka kwantar a akwatin. Haka na fita daga kwazazzabon, a rigingine, ina kallon sama, ɓawon itace na shiga mini wuya. A asibitin garin likita ta duba ta ce na yi sa'a, saman fata kawai abin ya taɓa. Ta ce da na ƙara awa ɗaya, da wata maganar muke yi. Na fita daga ɗakin ina dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara da haihuwa.

A jirgin dawowa na yi ta juya yadda zan roƙi Ammu Haruna ya rufa mini asiri, na kasa. Sai da muka fara hango fitilun Jidda na ce, “Ammu, maganar nan...”

Ya ce, “Wace magana? Mun je, mun ga ƙudurar Allah, mun dawo. Bas.”

Kuma ya cika. Ranar da muka koma aiki mudir, wato manajanmu, ya tambaye shi yadda tafiya ta kasance, ya ce Muhandis ya yi ƙoƙari ƙwarai. Har yau babu wanda ya sani a ofis. Bilkisu kam ni na gaya mata da bakina, domin babu yadda za ka ɓoye wa matarka farce biyu da suka yi baƙi suka faɗi. Ta saurara har ƙarshe, ta ce alhamdu lillahi, ta shiga kicin. Ina jin ta ta kunna famfo don kada in ji dariyarta. Washegari ta dafa tuwon shinkafa da miyar taushe ta ce in kai gidan Ammu Haruna, kuma in gaishe shi da kyau.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Idan wanda ya san hanya ya tambaye ka ko lafiya, ba gaisuwa yake yi ba, amsa yake nema, kuma gara ka ji kunyar minti ɗaya a tsaye da ka ji ta awa guda a kwance. Farcen sun sake fitowa, ɗaya a ɗan karkace. Yanzu duk lokacin da na zo wanke ƙafa a alwala, sai na sami kaina ina bin yatsun ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa. Goma ne, kullum, amma ban daina dubawa ba.