Ranar da Na Musuluntar da Sunan Wata Dabbar Teku

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarata ta farko a koyarwa, lokacin da aka tura ni wata kwaleji a Mirriya ina ɗan kwantaragi, malamin ilimin halittu. Kullum da safe ina shiga ƙaramar bas daga Damagaram da jaka a hammata, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro kimiyya.

Wata Talata muna darasin rabe-raben dabbobi, sai wata ɗaliba mai suna Fanna ta ɗaga hannu. Yarinya ce mai tambayar tsiya. Ta nuna wani hoto a littafi: wata halitta kamar an kife ƙwarya an soka mata tsinke a baya. A ƙasa an rubuta Xiphosura.

"Mushe, mene ne wannan? Me sunan yake nufi?"

(Mushe shi ne yadda yaranmu ke kiran malami.) Ni dai ban taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da na sani shi ne tabkin garinmu in damina ta yi kyau. Amma idanu wajen sittin suna kaina. Na maimaita kalmar a zuci, sifosura, sifosura, sai na ji ta yi mini kama da abin gida.

"Kaguwa ce ta teku," na ce. "Sunan kuwa Turawa daga Larabci suka sato shi. Siffa da sura. Wato dabba mai siffa da sura ta ban mamaki."

Aji ya ɗauki "Allahu akbar!" Ganin haka na ƙara gishiri, na yi musu ɗan wa'azi kan yadda aka kwashe mana ilimi. Na rubuta a allo, suka kwafe. Wallahi har ni na fara yarda.

Bayan mako uku sai ga konseye, wato mai zagayen duba malamai, wanda rahotonsa ke iya sa a sabunta wa mutum kwantaragi ko a sallame shi. Da na ga ko wane ne sai gabana ya faɗi. Mushe Ari ne, tsohon malamina a lise, wato babbar sakandare, wanda ya san ni tun ina zama a bencin baya. Ya zauna can ƙarshen aji, ya jawo littafin rubutun Fanna yana buɗawa. Ina koyarwa ina satar kallonsa. Ya tsaya a wani shafi, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Yara," ya ce, "wa zai gaya mini ma'anar Xiphosura?"

Da ma mutum ɗaya ne ya amsa, da sauƙi. Ajin gaba ɗaya ya rera da murya guda, cikin alfahari: "Siffa da suraaa!" Wani ma ya ƙara da cewa, "An sace mana ne, Mushe!"

Mushe Ari bai dube ni ba. (Wannan ya fi mari zafi.) Ya taso ya karɓi alli daga hannuna, ya ce Fanna ta ɗaga hoton.

"'Yata, manta da sunan. Me kika gani a bayanta?"

"Wutsiya, Mushe. Doguwa mai tsini."

"Kamar me?"

Ta sake duban hoton. "Kamar takobi."

"To kin fassara shi." Ya raba kalmar biyu a allo. Ya ce daga harshen Girkanci take: xiphos takobi, oura wutsiya. Mai wutsiyar takobi. Ya ce ba sunan dabba ɗaya ba ne, sunan zuriyar ce duka, har da waɗanda suka ƙare tuntuni sai burbushinsu a duwatsu, shi ya sa ake fara rubuta shi da babban baƙi. A Faransanci na yau da kullum limul ake cewa, masu Ingilishi kuma suna kiranta kaguwa mai kofaton doki saboda zagayen ƙoƙon bayanta.

"Amma ba kaguwa ba ce," ya ce. "Ta fi kusa da kunama da gizo-gizo."

Nan ma na faɗi. Ina jingine da bango don kunya, amma abin haushi, kunnena ya ƙi daina saurare. Yara suka yi ca: tana harbi da wutsiyar? Ya ce a'a, in igiyar ruwa ta kifar da ita, da wutsiyar take tokare ƙasa ta juyo. Da ya ce jininta shuɗi ne, ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba.

"Shuɗi, Mushe? Me ya sa?"

Aji ya fashe da dariya, malami ya koma ɗalibi. Shi ma ya murmusa, ya ce jan ƙarfe ne a jininta a maimakon baƙin ƙarfen da ke namu.

A ƙarƙashin dalbejiyar ofis na jira hukunci. Ya daɗe yana rubutu, sannan ya ce, "Tambayar da ka yi a ƙarshe ita ce ta cece ka. Gobe ka gyara da bakinka."

Washegari na sa kowa ya ja layi a kan siffa da sura. Fanna ta sake ɗaga hannu.

"Mushe, na riga na gaya wa babana, shi kuma ya faɗa a majalisarsu ta kasuwar Damagaram."

An sabunta mini kwantaragi, amma har yau ban san iyakar inda fassarata ta kai a Damagaram ba. Abin da na koya shi ne, in za ka yi ƙaryar sani, yi wa mutum ɗaya wanda ba ya riƙe da biro. Ƙaryar malami ƙafa gare ta, kafin ya tuba ta ci kasuwa uku.